Ina sauran kashi 90 na makamashin ke tafiya?

Tambaya: Malam, an koya mana cewa kashi 10 cikin 100 kawai na makamashi ke hayewa daga mataki zuwa mataki a sarƙar abinci, wato jerin yadda wata halitta ke cin wata, kamar daga ciyawa zuwa barewa zuwa zaki. To sauran 90 ɗin fa? Ba an ce makamashi ba ya ɓacewa ba?

Amsa: Gaskiyarki, 'yar'uwa, ba ya ɓacewa. Kashe shi ake yi wajen rayuwa, sai ya fice a matsayin zafi.

Ki ɗora tafin hannunki a jikin saniya da sanyin asuba. Ɗumin nan da kika ji, ciyawar jiya ce ke fita. Bugun zuciyarta, tuƙar da take yi, kaɗa jelar korar ƙuda, duk da makamashin ciyawa ake yin su, kuma duk a zafi suke ƙarewa. Zafin da ya bi iska kuwa ba mai sake cin sa. Nan ne mafi yawan asarar take, musamman ga dabbobi masu shayarwa da tsuntsaye, waɗanda dole su riƙe ɗumin jikinsu dare da rana. Kifi da ƙwari ba su da wannan ɗawainiyar, shi ya sa suka fi mai da abinci tsoka.

Sai abin da aka ci bai narke ba, ya fita a bayan gida, da wanda ba a ci ba sam: saiwa, ƙaho, ƙashi. Waɗannan rabon ƙwayoyin ruɓarwa ne, su ma zafi suke mayar da su.

Ga lissafi. A ce ciyawa ta tara awo 10,000 na makamashi. Barewa za ta adana kusan 1,000 a jikinta, zakin da ya cinye ta ya tsira da 100. Wanda zai dogara da naman zaki, 10 kacal zai samu, ba su kai wahalar farautar ba. Shi ya sa da wuya sarƙar abinci ta wuce mataki huɗu ko biyar, kuma zakuna ba sa taɓa kai barewa yawa.

Amma kada ki ɗauki kashi 10 ɗin nan kamar yankan wuƙa. Ana danganta shi da Raymond Lindeman, wanda ya yi nazarin wani ƙaramin tafki a jihar Minesota ta Amurka. Takardarsa ta fito a 1942, bayan rasuwarsa yana ɗan shekara 26. Ƙiyasi ne na tsaka-tsaki, kuma ni ba na son yadda ake haddace shi ba tare da an faɗi haka ba. Wani wurin kashi 5 ake samu, wani wurin har 20. Babbar asarar ma tun daga tushe take: cikin hasken ranar da ke sauka kan ganye, kusan kashi 1 kaɗai tsiro ke mayarwa abinci.