Kare yara yayin bincike da matan da mazajensu ke duka

Malama, kin tambaya yadda za ki kare yara a binciken da za ki yi a Argungu da matan da mazajensu ke duka, da abin da ya kamace ki idan kika ji dukan yana kaiwa ga yaran. Na yi irin wannan aiki a ƙauyukan Jega, kuma abin da ya fi ba mu wahala shi ne yaron da ke zaune a gefen tabarma.

Yaron da ya fara magana kunnen gida ne. Ba da mugunta ba zai maimaita wa babansa ko kishiyar uwarsa abin da ya ji, daga nan kuma dukan da kika zo tambaya a kansa ya ƙaru, har shi yaron ya sha. Shi ya sa a binciken ƙasashe da yawa kan cin zarafin mata a gidan aure da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2005 ba a barin kowa a wurin hira in ban da yaron da bai kai shekara 2 ba. Mu abokiyar aiki muke ɗauka ta janye yaran da wasa a tsakar gida, idan kuwa wani ya shigo sai mu koma tambayar rigakafi da shayarwa. Ko a wajen mai unguwa, binciken lafiyar mata muke kiransa, kuma mace ɗaya tak muke yi wa tambaya a gida guda.

Tambayarki ta biyu ta fi nauyi. Kada ki yi wa uwa alkawarin cikakken sirri alhali kin san ba za ki iya yin shiru ba idan ran yaro yana cikin haɗari. Tun wajen neman yardarta ki gaya mata iyakar sirrin da Hausa mai sauƙi, domin ta zaɓi abin da za ta faɗa. Wasu za su rage magana, bayananki su ragu. A ganina wannan asara ce da ya wajaba ki ɗauka.

Kafin ki fita, ki rubuta wa kwamitin ɗa'ar bincike, wato masu duba tsarin bincike don kada ya cutar da mutane, irin cutarwar da za ki kai rahotonta da wanda za ki kai wa, sannan ki je Ma'aikatar Mata a Birnin Kebbi ki ga jami'in walwalar da zai karɓi maganar ido da ido. Idan rahoton ya zama dole, ki fara sanar da uwar, ku tsara tare inda ita da yaran za su kwana a ranar.