Amsoshin tambayoyinku: zagayen dutsen Mont Blanc da ƙafa, da batun kayan jabu

Wasiƙun wannan makon sun taru ne a kan tafiyar ƙafa ta kwanaki da ake yi a tsaunukan Alps na nahiyar Turai, inda matafiya ke kwana daga wannan masaukin kan dutse zuwa wancan har su zagaye Mont Blanc ta cikin ƙasashen Faransa da Italiya da Suwizalan.

Tambaya: Wani kamfani ya ba ni zaɓi biyu, ko in bi ayari mai jagora ko in tafi da kaina su kama mini wuraren kwana kawai. Na farkon ya fi tsada sosai, kuma ban taɓa irin wannan tafiya ba. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Malam, ka ɗauki mai jagora. Hanyar ta kai kimanin kilomita 170, kuma idan aka tara duk hawan da ke cikinta ya kai kusan mita 10,000, wanda yawancin mutane ke rabawa cikin kwana 10 ko 11, wato kusan kowace rana sai ka hau abin da ya kusa mita 1,000 sannan ka sauko da shi. An sa wa hanyar alamu masu kyau, kuma babu dokar da ta tilasta ɗaukar jagora, don haka wanda ya saba da dutse yana iya tafiya shi kaɗai. Amma aikin jagora ya wuce nuna hanya. Shi ne zai dubi sama da safe ya ce a tashi da wuri saboda hadari na iya haɗowa da rana, shi ne ya san mashigar da dusar ƙanƙara ba ta gama narkewa a cikinta ba, kuma shi ne zai ga ka fara ɗingishi ya sa ka a motar haya ta cikin kwari kafin ƙafar ta lalace. Kafin ka biya, ka nemi a faɗa maka takardar shaidar da jagoran ke riƙe da ita. Ga tafiya irin wannan, wadda ba a ɗaura igiya, shaidar UIMLA, wato ƙungiyar jagororin tafiyar ƙafa a kan duwatsu ta duniya, ta wadatar, ita kuwa ta ƙungiyar IFMGA ta masu kai mutane kan ƙanƙara da ƙololuwa ce. Ka kuma tambayi yawan mutanen ayarin, da sunayen masaukan ɗaya bayan ɗaya, da ko kuɗin ya haɗa da abincin rana da ɗaukar kaya, domin akwai masaukan da mota ba ta isa gare su, kuma a irin waɗannan darare abin da ke bayanka shi ne kawai abin da kake da shi.

Tambaya: Na ga tikitin jirgi yana araha a watan Disamba. Idan na je a lokacin, a rana ta nawa za mu kai ƙololuwar dutsen domin in ɗauki hoto?

Amsa: Samari, da ka karanta takardar wani kamfanin da ke shirya tafiyar ko da sau ɗaya da ba ka rubuto wannan wasiƙa ba. Zagaye dutsen ake yi, ba a hawa kansa. Ƙololuwar Mont Blanc ta haura mita 4,800, kuma hawanta wani aiki ne dabam mai bukatar horo da igiya, alhali wuraren da suka fi tsayi a hanyar zagayen ba su wuce mita 2,665 ba. Lokacin tafiyar kuma daga tsakiyar Yuni ne zuwa tsakiyar Satumba. A Disamba dusar ƙanƙara ta binne hanyar, yawancin masaukan kuma a rufe suke.

Tambaya: Kuɗin tafiyar ya kusa cinye abin da na tanada. Na samu wani shafi a intanet da ke sayar da takalmin hawan dutse da rigar ruwa masu tambarin manyan kamfanoni a kan kashi ɗaya cikin biyar na farashinsu. Tun da kwana goma kacal zan yi amfani da su, me zai hana in saya?

Amsa: Ɗan'uwa, wannan tambayar ce ta fi tayar mini da hankali a duk wasiƙun, domin mutane da yawa haka suke lissafi: su kashe dukiya a kan jirgi da kamfani, sannan su zo su tsuke hannu a kan abubuwa biyun da rayuwarsu ta rataya a kai. Kayan da ake sayarwa a kashi ɗaya cikin biyar na farashinsu, sababbi fil, da tambarin Gore-Tex (yadin da ruwa ba ya ratsawa) ko Vibram (robar ƙasan takalmi) a jiki, jabu ne, kuma tambari shi ne abu mafi sauƙin kwaikwayo a jikin kaya. Araha ba ta ado, a kan dutse kuwa abin ya wuce batun ado.

Ka duba yadda abin yake faruwa. Zafin iska yana raguwa da kusan digiri shida da rabi a duk mita 1,000 da ka hau. Garin Chamonix, da ke cikin kwari a gindin Mont Blanc ta ɓangaren Faransa, yana kan tsayin mita 1,035 ne, mashigar Col de la Seigne kuwa, inda ake tsallakawa daga Faransa zuwa Italiya, tana kan mita 2,516, sannan Grand Col Ferret da ke tsakanin Italiya da Suwizalan tana kan mita 2,537. Wato kana iya barin kwari cikin ɗumi ka tarar da sanyin da ya fi na ƙasa da kusan digiri goma, ga iska mai ƙarfi babu itace ko ɗaya da zai tare maka ita, ga gumi ya jiƙa maka jiki saboda hawa. Idan ruwa ya sauko a wannan hali kuma rigarka ta jabu ta fara yoyo ta kafaɗa, jikinka zai riƙa zubar da ɗuminsa fiye da yadda yake samar da shi, sai rawar ɗari ta fara, sai hannu ya ƙi riƙe sanda, sai tunani ya dagule, kuma masauki na gaba yana iya kasancewa tafiyar awa biyu ko uku. Sanyi yana kashe mutane a kan duwatsu ko a tsakiyar bazarar Turai, kuma ba sai an yi ƙanƙara ba.

Takalmin jabu kuma nasa cin amanar a gangara yake yi. Robar ƙasansa ba ta kama jiƙaƙƙen dutse, gam ɗin da aka liƙa ta da shi kuma yana saki bayan 'yan kwanaki na ruwa da tsakuwa. Wanda ƙasan takalminsa ya ɓalle bayan ya wuce ƙauyen Les Chapieux na Faransa ba shi da kantin da zai shiga har sai ya sauka garin Courmayeur na Italiya, kuma duk ayarin ne za su tsaya jiransa. Har tabarau ma ban yarda a saye shi da ka ba, domin baƙin gilashin da ba ya tace hasken da ke ƙona ido ya fi rashinsa illa: duhunsa yana sa ƙwayar ido ta buɗe, hasken mai cutarwa ya ƙara samun hanyar shiga, kuma wannan haske ya fi ƙarfi a kan tudu.

Ban ce sai ka sayi mafi tsada ba. Kaya na gaskiya daga ƙaramin kamfani, wanda aka saya a kantin da ke ba da rasit kuma yake karɓar kaya idan sun ƙi, ya fi jabu mai babban suna nesa ba kusa ba. Ka juya cikin rigar ka duba ko an bi kowane ɗinki an liƙe shi da tef, sannan ka saka ta ka tsaya a ƙarƙashin ruwan famfo na ɗan lokaci tun kana gida. Rigar gwanjo mai kyau ba laifi ba ce, amma ka yi hattara da takalmin gwanjo, saboda wani nau'in soson da ke tsakiyar ƙasansa yana rugurgujewa idan ya shekara da shekaru a ajiye, ko da samansa yana ƙyalli. Ka sayi takalmin da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka gwada shi da safar da za ka yi tafiya da ita, ka bar sarari a gaban yatsu domin gangara, kuma ka yi makonni kana yawo da shi kafin ranar tashi, in ba haka ba bororo zai gama da kai tun kwana na biyu. Rigar auduga kuma ka bar ta a gida, domin tana shan gumi ta ƙi bushewa. Idan kuɗin bai isa ba, ka rage kwanakin tafiyar, tun da ana yin rabin zagayen, ko ka ɗage ta zuwa baɗi.

Jabun bai tsaya a kaya ba. Duk kamfanin da ya ce ka tura kafin alƙalami zuwa asusun wani mutum, ko ya ƙi faɗin sunayen masaukan, ko ya yi maka alkawarin gadaje a masauki irin Bonatti a watan Agusta alhali saura mako biyu, ka riƙe kuɗinka. Wuraren kwana a wannan hanya ƙalilan ne, kuma watanni kafin lokacin ake kame su.

Tambaya: 'Yata da ke karatu a Turai ta ce za ta bi wannan tafiya da ƙawayenta, ni kuwa tun da ta faɗa mini ban sake barci mai daɗi ba. In hana ta?

Amsa: Hajiya, Allah ya kwantar miki da hankali, damuwarki ta uwa ce kuma tana kan hanya. Sai dai ina ganin kada ki hana ta. Wannan hanya ce da dubban mutane ke bi kowace shekara, har da dattawa, kuma kusan kowace rana ana ratsa ƙauye ko masauki. Abin da zai fi amfani shi ne ki sa ta tabbatar miki da abubuwa kaɗan. Na farko shi ne inshorar da ta rubuta a fili cewa ta ƙunshi ceto a kan dutse da jirgi mai saukar ungulu har zuwa tsayin mita 3,000, domin inshorar tafiya ta gama-gari sau da yawa ba ta ƙunsa ba, a Suwizalan kuma wanda aka ceta ake kai wa takardar biya. Ta riƙe lambar gaggawa ta 112, wadda ke aiki a ƙasashen uku. Ta ɗauki fasfonta da takardar izinin zamanta, ko da yake ƙasashen duk suna cikin yankin Shengen, inda ba a saba binciken fasfo a kan iyakokin da ke tsakaninsu ba, kuma babu shinge a mashigun. Ta kuma ba ki jerin masaukan da ranakunsu. Ki sani akwai kwarurukan da waya ba ta kamawa, kuma Suwizalan ba ta cikin Tarayyar Turai, don haka wasu layukan suna cajin kuɗi mai yawa a can har mutum ya gwammace ya kashe wayar. Idan kika yi kwana ɗaya ba ki ji muryarta ba, mafi yawanci dalilin ke nan. Allah ya kai ta lafiya ya dawo miki da ita lafiya.

Tambaya: Shekaruna sun haura sittin kuma ina da ƙarfina, amma ina son sanin yadda kwana da abinci suke, musamman da yake ba na cin naman alade.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Yawancin kwanan a ɗaki ɗaya ake yi da mutane da yawa, a kan gadaje masu hawa biyu. Ana ba da bargo, amma ana bukatar kowa ya zo da siririn zanen kwanansa, kuma abin toshe kunne zai yi maka amfani saboda minshari. Wasu masaukan suna da ƙananan ɗakuna, su ne kuma ke fara ƙarewa. Abincin dare iri ɗaya ake dafa wa kowa a ci a lokaci ɗaya, kuma naman alade yana yawan shiga girkin wannan yanki, wani lokaci har da giya a cikin miya ko narkakken cuku. Ka sanar da kamfanin a rubuce tun ranar biya cewa abinci marar nama kuma marar giya kake so, ka sake tuna wa mai masaukin da zarar ka isa, domin idan an riga an ɗora tukunya a wurin da ake kawo kayan abinci da wahala babu abin da zai iya canzawa. Ka riƙe tsabar Yuro da ɗan kuɗin Suwizalan, saboda ba ko'ina na'urar kati ke aiki ba. Abin da na fi ji maka shi ne gwiwa, domin saukowa ta fi hawa cin ta. Ka ga likita kafin ka biya ko sisi, ka sayi sanduna biyu na tafiya, kada jakarka ta wuce kilo takwas, kuma ka yi wata uku kana hawa da sauka a kan matakala ko tudu da jakar a bayanka.