Amsa: Ƙiba bayan dashen zuciya

Hajiya, kin ce maigida ya ƙara kilo 9 cikin wata 6 da dawowarsa Birnin Kebbi. A cikin magungunan da yake sha don kada jiki ya ƙi sabuwar zuciyar, prednisolone ne ke buɗe masa ciki, kitse ya taru a fuska da tumbi, tacrolimus kuma kan tayar da suga. Kada ya kuskura ya rage su da kansa, jiki zai ƙi zuciyar. A nemi gwajin HbA1c, gwajin jini da ke nuna matsakaicin suga na 'yan watannin baya.

Ya hau sikeli kullum kafin karin kumallo. Kilo 2 cikin kwana 3, ga haki da kumburin ƙafa, wannan ruwa ne ya taru a jiki, ba kitse ba, a kira likitansa a ranar.

Tuwon shinkafa malmala ɗaya ta isa, da miyar ganye da gasasshen kifi, gishiri kaɗan. Ban da ɗanyen nono, don magungunan na rage garkuwar jiki. Tattaki minti 30, goman farko a hankali, don a wajen dashen an yanke jijiyoyin da ke kai saƙo ga zuciyar, bugunta ba ya tashi da wuri.