Me ya sa Majak Daw ya buga wasa 54 kacal a AFL?

Malam, ka tambayi yadda aka yi mutum mai tsayin santimita 195, ga gudu ga tsalle, ya kwashe sama da shekara goma a ƙungiyoyin AFL, wato babbar gasar ƙwallon ƙafa irin ta Ostiraliya, amma wasanninsa ba su wuce 54 ba. Ba ƙarfi ya rasa ba. Da latti ya shigo, kuma gurbin da aka fara ba shi yana da mai shi.

An haifi Daw a Khartoum a 1991, iyalinsa suka yi zama a Masar, suka isa Ostiraliya a 2003. Yaron Melbourne tun yana shekara biyar ake kai shi Auskick, shirin koya wa yara wasan, ya saba da ƙwallon nan mai siffar ƙwai wadda in ta faɗi ƙasa ba ka san inda za ta nufa ba. Daw kuwa sai da ya tasa ya fara taɓa ta. Wasan ba ya yafe wannan giɓin: mutum 18 kowane ɓangare, fili ƙato, ba a jifa da hannu sai dai a naushi ƙwallon, in kana gudu da ita dole ka buga ta a ƙasa duk mita 15. Ƙarfin jiki ana samunsa a wurin atisaye, amma sanin inda ƙwallo za ta sauka sai an daɗe ana yi.

Ƙungiyar North Melbourne ta ɗauke shi a ƙarshen 2009, ya zama haifaffen Sudan na farko da ya shiga jerin 'yan wasan AFL, amma bai buga babban wasa ba sai 2013, a karawa da Brisbane, inda ya ci da bugunsa na farko. Bayan 'yan makonni ya zura wa Western Bulldogs shida. A nan mutane suka ruɗe, suka ɗauka an gama. Matsalar ita ce an horar da shi a matsayin rak, wato dogon da ke tsalle ya doko ƙwallo in alƙalin wasa ya tashe ta. Ƙungiya mutum ɗaya take sa wa a wannan aiki galibi, kuma Todd Goldstein, babban rak ɗin North Melbourne, na nan daram, ba ya cika fashi. Sai aka riƙa tura Daw gaba, wurin da ake son ka san lokacin ɓallewa daga mai tsaronka. Ka yi sauri, ƙwallo ta wuce ta kanka. Ka yi jinkiri, an tare hanya. Yau yana sama, gobe an mayar da shi ƙungiyar Werribee a VFL, gasar da ke ƙasa da AFL. Ko kamun ƙwallo a sama da ya yi ta kan ɗan wasan Collingwood, wanda aka zaɓa mafi kyau na 2016, bai ba shi gurbi tsayayye ba.

A ganina kuskuren masu horarwa ne da ba su mayar da shi baya ba sai 2018. Mai tsaron baya wasan na gabansa, yana kallon ƙwallo tana tahowa, ya tashi ya cafke ko ya naushe ta. Shekarar nan ce mafi kyau a rayuwarsa ta wasa.

A Disambar 2018 ya faɗo daga gadar Bolte da ke birnin Melbourne, ya karye a ƙugu. Daga baya ya fito fili ya yi magana kan matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa da yake fama da ita. Ya dawo a 2020 a karawa da Adelaide, har ya ci. Wata ƙungiyar daban, Melbourne, ta ɗauke shi a 2021, amma bai buga mata babban wasa ba har ya yi ritaya a 2022.