Abin da ya sa muke kai mai zafin kai Yaba

Kawu, kun tambaya ko da gaske ne mu mazauna Agege a Ikko mun bar ruƙya mun koma wajen likitocin da ba su da abin bayarwa sai hira. Ba mu bari ba. Tofi yana nan, rubutu yana nan, liman ne ma farkon wanda ake kira. Abin da ya ƙaru shi ne, idan ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ba ma jin kunyar kai mutum asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba, wanda yake nan tun 1907.

Yawancin waɗanda muke kaiwa ba masu jifa da duwatsu ba ne. Ɗan gwari ne na kasuwar Mile 12 da kayansa suka ruɓe a hanya, bashi ya hau kansa. Ɗan acaɓa ne da aka hana shi aiki tun dokar 2022, ga iyali a Arewa suna jiran aike. Irin wannan mutum ba zai ce yana cikin damuwa ba. Cewa zai yi kansa yana zafi, wani abu yana yawo a jikinsa, ƙirjinsa ya yi nauyi, barci ya ƙaurace masa. A gwada jini, babu maleriya babu taifot. Sai 'yan'uwa su ce sammu ne ko iska.

A nan ne nake ganin girman aikin Farfesa Peter Ebigbo na Jami'ar Nijeriya da ke Enugu. Masanin halayyar ɗan Adam ne mai aiki da marasa lafiya, wanda ya yi karatu a Jamus. Irinsu ba sa rubuta ƙwaya, wannan aikin likitan ƙwaƙwalwa ne. Su nasu aunawa ne da sauraro da warkarwa ta hanyar magana. Ebigbo ya lura cewa tambayoyin da Turawa suka tsara don gano ciwon damuwa ba sa kama yadda mutanenmu ke kokawa, domin mu da jiki muke faɗin damuwar zuciya. Sai ya tattara koke-koken da marasa lafiya ke yi da bakinsu, irin su zafi a ka, da nauyi, da jin kamar tsutsa na tafiya ƙarƙashin fata, ya mayar da su ma'auni, ya wallafa a 1982. Ni a wurina wannan ba ƙaramin mutunta talaka ba ne: an ɗauki maganarsa yadda ya faɗe ta, ba a ce masa lafiyarsa ƙalau ya tafi gida ba.

Daga baya ya fito da hanyar jinya da ta ginu a kan cewa lafiya ita ce daidaito tsakanin mutum da kansa, da danginsa da jama'arsa, da kuma abin da ya yi imani da shi. To Kawu, wane Bahaushe ne zai ji wannan baƙo?

Kafin shi akwai Farfesa Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa, wanda a 1954 ya fara saukar da marasa lafiya a gidajen ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, har yana aiki tare da masu maganin gargajiya.

Mu ma kusan haka muke yi. Ba a barin mutum ya je shi kaɗai. Ana yin karo-karon kuɗin mota, a haɗa shi da wanda ya iya Turanci ko Yarbanci, mace kuma mace ce ke raka ta. Maganar ba ta fita daga gida, saboda gudun kada gobe a hana 'yarsa miji.

Inda abin ke yi mini ciwo shi ne tafinta. Jinyar da magana ce jarinta, ga mutum na uku a tsakani, wani lokaci maƙwabcinka ne ko ƙanenka. Magidanci ba zai buɗe cikinsa a gabansu ba, sai ya tsaya a zafin kai ya yi shiru. Masanan da ke jin Hausa a Ikko ba su da yawa. Idan a cikin yaran gida akwai mai sha'awar wannan karatu, don Allah kada ku hana shi da cewa aikin mahaukata ne. Ku turo mana shi idan ya gama.