Bagaruwa da darbejiya za su iya maye gurbin antibayotik?

Tambaya: Salam Malam, ƙanena ya yi furojet a jami'a, ya ce ruwan bagaruwa da na darbejiya sun kashe ƙwayoyin cutar taifot a lab. To me zai hana mu koma kansu, tunda yanzu sai ka sha kafso amma ciwo bai ji ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ƙanenka bai yi ƙarya ba, bagaruwa, marke, sabara, tafarnuwa duk an sha gwada su a lab kuma suna hana wasu bakteriya yaɗuwa. Amma fa a faranti ne, an ɗiga ruwan kai tsaye a kan ƙwayar cutar. A jikin mutum sai maganin ya ratsa ciki da hanji ya shiga jini, hanta ta rage nata, ƙoda ta fitar da nata, sannan abin da ya saura ya kai inda cutar take da ƙarfin da zai kashe ta ba tare da ya illata mai shan ba, to a nan ne akasarinsu ke faɗuwa. Ga kuma rashin awo, ganyen damina da na rani ba ƙarfinsu ɗaya ba.

Ni wallahi ina da fata sosai a kan itatuwan nan. Kinin, tsohon maganin maleriya, daga ɓawon itace aka ciro shi a Faransa a 1820. Maganin maleriya da muke sha yau, irin su Coartem, asalinsa tazargade ne, wata masaniya 'yar Chana, Tu Youyou, ita da tawagarta suka ware sinadarin a 1972, bayan ta gano cewa zafin tafasawa na lalata shi, har ta samu kyautar Nobel a 2015. Kaga ba jiƙo aka tsaya sha ba, sai da aka tace, aka auna, aka gwada a dabbobi sannan mutane. Wannan aikin nake so a yi wa namu, ba furojet ya ƙare a kan kantar ajiye littattafai ba.

Batun ƙin jin magani kuwa gaskiya ne, a 2019 kaɗai ya kashe mutum kusan miliyan 1.27 a duniya, kuma sayen kafso a kemis barkatai da yanke shan magani a tsakiya suna cikin masu jawo shi. In zazzaɓi ya ƙi sauka dan Allah kar a tsaya jiƙo, taifot na huda hanji. A je asibiti a yi kalca, gwajin zai nuna maganin da ƙwayar ke ji.