Kogin da ya haye dutse da sarakuna 40 da babu mai tunawa

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni nake jan ragamar wasan almara da muke yi da abokaina huɗu, irin wanda ake kewaye tebur, kowa ya zama wani jarumi, a jefa ɗan ludo a ga yadda za ta kaya. Wata uku na shafe ina ƙirƙiro musu wata daula da na raɗa wa suna Zarkam. Na zana taswira, na rubuta tarihin shekara 3,000 da sarakuna 40. Ranar da na fara karanto musu, ɗaya ya dinga hamma, wani kuma ya sa yatsa a taswirar ya ce kogina ya taso daga teku, ya haye dutse, ya faɗa wani tekun. A ina na kuskure?
Daga wani mai karatu

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka ji haushin abokin nan naka, gaskiya ya faɗa. Ruwa gangare yake bi. Kogi daga tudu yake tasowa, ƙananan rafuka su yi ta zuba masa, ya nufi teku ko tafki. Koguna haɗuwa suke yi a hanya, ba su cika rabuwa ba sai a bakin teku, kamar yadda Nilu ke yin rassa a arewa da Alkahira. Don haka duwatsun za ka fara zanawa, ruwan ya biyo baya. Ka kuma zaɓi gefen da iska mai ɗauke da ruwan sama ke bugowa: wannan gefen ya yi shar, bayan dutsen ya bushe, kamar yadda tsaunukan Himalaya suka tare wa tudun Tibet damina. Ga hamadarka nan ta samu mazauni ba da wahala ba.

Ni ma na sha irin taka. A taswirata ta farko na dasa babban birni a tsakiyar rairayi, don kawai wurin ya yi fili a takarda. Muna cikin wasa wata daga cikinmu ta ɗago kai ta ce, "To su mutanen nan me suke ci?" Na yi shiru, na kama juya fensir. Tun ranar, kafin in sa wa birni suna sai na san ta inda hatsinsa ke shigowa. Birnin Rum kansa da alkamar Masar ya rayu, jiragen ruwa ke ɗauko ta daga Iskandariyya. Ka ga duk wanda ya tare wannan hanya ya shaƙe wuyan sarki. Sa wa Zarkam irin wannan maƙogwaro guda ɗaya, mashigar dutse ce ko tashar jirage, za ka samu labarin wasa na wata shida.

Abu na biyu nisa ne, kuma nan ne masu zana daula suka fi yin sakaci. Hanyar sarauta ta Farisa a zamanin Sarki Dariyus, daga birnin Sardis zuwa birnin Susa, ta kai kusan kilomita 2,500. Mai tafiya a ƙasa sai ya yi kwana 90, amma manzannin sarki masu sauya doki a zango-zango ba sa cika mako biyu. Auna taswirarka ka ga kwana nawa umarnin sarki ke yi kafin ya isa lardi mafi nisa. In wata biyu ne, to gwamnan can sarki ne a gidansa, harajin da ya ga dama shi yake aikawa. In kuma akwai masu sihiri da ke aika saƙo cikin ƙiftawar ido, sai ka yanke shawarar hannun wa suke, don a nan mulkin yake.

Sarakunan nan 40 kuwa, ka bar uku ka adana sauran a aljihu: wanda ya kafa daular, wanda ya tsaga ta, da wanda ke kan karaga yau. Tsagewa ta fi komai daɗin wasa. Daular Rum ta rabu biyu a shekarar 395, ɓangaren yamma ya faɗi a 476, na gabas ya kai har 1453. Daular Mongol da Janghis Khan ya kafa a 1206 ba ta cika shekara 70 ba jikoki suka yayyage ta gida huɗu. Kuma kada ka sake karanta musu tarihi kamar mai ba da lacca. Bari su tsinci tsabar kuɗi da aka goge fuskar sarkin da ke kai, ko su iske gada mai kyau a jeji, hanyar da ta bi ta kanta ta mutu. Su da kansu za su tambaye ka.

Gary Gygax da Dave Arneson, da suka fito da wasan almara irin naku mai suna Dungeons & Dragons a 1974, kowannensu da fada ɗaya da ramukan ƙarƙashinta ya fara, duniyar ta yi ta faɗaɗa daga baya. Zama na gaba, ka ajiye jaruman naka a garin da ke bakin mashigar dutsen, ranar da ayarin hatsi ya yi kwana tara bai iso ba.